Layin Nandolon da Ba a Gani Daga Hanya

A ƙauyenmu da ke gindin dutsen Mulanje an yi wani mutum mai suna Lemani Makwinja. Ba malalaci ba ne, ba mashayi ba ne. Ciwonsa ɗaya: bai iya jure a yi masa dariya ba. Ko murmushi wani ya yi in ya wuce, sai ya tsaya ya duba rigarsa. Aure ne ya kawo shi garinmu, domin a wurinmu miji ne ke tarewa gidan su matarsa, ya noma ƙasar surukarsa.

Gidan surukar tasa, tsohuwa Nachuma, yana ƙasan gangare, lambunta kuma yana saman gidan. Ta haƙa dogayen ramuka huɗu da suka ratsa gangaren a kwance. A bakin kowanne ta shuka nandolo, waken nan mai tashi kamar ƙaramin itace, wanda saiwarsa ke nutsewa ƙasa fiye da tsawon mutum. In ta sassabe rassansa, nan take barinsu su ruɓe. A ƙarƙashi kabewa da dankali da rogo sun cakuɗe. Shekara goma sha ɗaya tsintsiya ba ta shiga lambun nan ba, alhali mu a garin nan da sharar fili ake gane gidan mutanen kirki.

Mu ne muka sa Lemani a gaba a wurin dara, kuma ba zan ɓoye ba, bakina ya fi na kowa kaifi.

"Ga mai gidan kurmi nan," in ce. "Yau birai sun bar ka ka fito?"

Wani ya ƙara da cewa, "Ku ƙyale shi, surukin gida ne. Ko tsintsiya sai ya nemi izini."

Yakan yi yaƙe, ya kafa ido a kan 'ya'yan dara.

Ana nan, gab da damina, aka kai tsohuwa asibitin birni don a cire mata yanar ido, matar Lemani, Esinta, ta tafi jinya. Washegari Lemani ya ɗauki gatari da fartanya. Cikin mako biyu ya tumɓuke nandolo layi uku, ya cike ramukan, ya tara ganye ya cinna wuta. Ya yi huɗa miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasa, yadda mai wucewa zai ga layukan masara reras. Layi na huɗu, wanda ke dab da bayan gida, shi ya bari. Ba don tausayi ba. Rufin gida ya kare shi, ba a ganinsa daga hanya, sai ya ga wahalar banza ce.

Muka yaba masa. Ni da bakina na ce yanzu ya zama namiji.

Tsohuwa ta dawo idanu a ɗaure, aikin bai yi kyau ba. Ta ce a kai ta lambu. Tana taka ƙasar da tafin ƙafa ta tsaya cak. Lemani ya durƙusa daga nesa, kamar yadda suruki ke yi, ya kira ta Amayi, wato uwa.

"Amayi, gyara na yi. Mutane suna ta magana."

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Sai ta ce, "Kafin a haifi matarka na ga ranar da dutsen nan ya sauko. Ramukan nan su ke shanye ruwa, nandolo shi ke riƙe ƙasa. Ka kwance mana dutse a ka, ɗan nan."

Daga ranar tsoro ya shiga gidan. In hadari ya haɗu, tsohuwa takan ajiye tuwo ta kasa kunne. Lemani kan ce tsufa ne, amma sau da dama na gan shi tsaye a bayan gida yana kallon gangaren. Ya san abin da ya kamata: ya sake haƙa ramukan. Sai dai yin haka a idon jama'a, wannan ne bai iya ba.

A watan Janairu, tsakiyar daminarmu, aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku da hantsi Esinta ta tafi kai niƙa, ni kuma na fake a rumfarsu. Ruwan da ke gangarowa ta tsakanin huɗar nan ja ne wur, yana gudu kamar an buɗe masa ƙofa. Kaji suka bar akurki suka haye rufi. Bangon baya ya fara tsatsafo da ruwa.

Daga ɗakin baya tsohuwa ta kira. "Lemani, kana jin warin nan? Warin sabuwar ƙasa ne."

Sai muka ji wani gurnani daga sama, ƙasa-ƙasa, irin wanda mutum ke ji a ƙirji kafin kunne. Muka leƙa. Gonar masarar gaba ɗaya tana tafiya. Layukan nan reras suna lanƙwashewa, laka na turo duwatsu, wani dutse ya kai girman rumbu. Na so in gudu, ƙafa ta ƙi.

Lakar ta zo ta daki layin nandolon da ya rage. Itatuwan suka kwanta, amma ba su tumɓuke ba. Ramin ya cika, babban dutsen ya tsaya a jikinsu yana rangaji. Muna jin saiwoyi na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Lemani ya faɗa ɗakin. A al'adarmu suruki ba ya taka ɗakin surukarsa, balle ya taɓa ta. Ya fito goye da ita, fuskarsa ta yi fari fat, yana ce mini, "Kama ƙafarta, kama." Mun kai bakin hanya ke nan layin ya saki. Bangon baya ya rufta daidai kan tabarmar da take kwance, sauran gidan ya bi.

Jama'a suka taru cikin ruwa. 'Yan dara duk suna wurin, babu mai dariya. Esinta ta yar da garin da ta niƙo tana kuka. Gangaren ya zama jan tsandauri, ƙasar da aka yi shekara goma sha ɗaya ana ciyarwa ta tafi rafi.

Lemani ya sauke tsohuwa, ya durƙusa cikin taɓo. Ta juyo da ɗaurarriyar fuskarta wajensa.

"Ni ba na gani, ɗan nan," ta ce. "Gaya mini, yanzu gonar ta yi kyau daga hanya?"

Ya sunkuyar da kai. Ni ma ban iya ɗaga kai ba.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, kada tsoron dariyar mutane ya sa ka rushe abin da ba ka san dalilin kafa shi ba. Ka tambayi wanda ya shuka kafin ka sare. Masu zuga ka ba su ne za su kwana a ƙarƙashin gangaren ba. Duk cikinmu babu wanda ya yi asarar ko cokali. Kai kuma mai tsokana, ka auna bakinka, domin gatarin na Lemani ne, amma mu muka wasa masa shi.