Ɗigo Uku na Jatau Maƙeri

A zamanin da, an yi wani sarki da Allah ya jarrabe shi da son tara dinaren sarakunan da suka shuɗe. Ba ya kashewa, ba ya kyauta, sai dai ya jera a akwati yana shafawa. Gurbi ɗaya ya rage masa, na wani tsohon dinari mai hoton takobi.

Rannan sai ga wani falke, Madugu Barmo, ya kawo shi. Sarki ya biya shi da dawaki goma. Kwana uku tsakani masana suka duba, suka ce sabon zubi ne, aikin Jatau Maƙeri. Barmo ya faɗi ya rantse cewa da sunan na asali Jatau ya sayar masa. Sarki ya ce, "Ran Juma'a Hauni mai sara ya sare hannun Jatau na dama."

Waziri ya sami Jatau a kurkuku. Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya san kwaikwayo nake zubawa, don masu sha'awar da na asali ya fi ƙarfinsu. Kowanne da ɗigo uku a gefensa, a jikin mazubina suke. Na wanda aka kai wa Sarki an goge su da magagari. Ashirin na sayar wa Barmo, amma wa zai ji maƙeri a gaban mai dawaki?"

Waziri ya sa aka yi shela: tunda hannun Jatau zai tafi, ba za a ƙara samun irin aikinsa ba, Sarki zai sayi duk mai ɗigo uku da zinariya ninkin nauyinsa biyar.

To, ku ji halin mutane, abin haushi! Kafin la'asar attajirai masu ajiyar irin wannan kaya sun fara yi wa juna barka. Ba wanda ya tambayi ko Jatau ya ci abinci.

Barmo kuwa ya riga ya goge sauran sha taran, da nufin cutar wasu sarakuna. Kwaɗayi ya ci shi, ya ɗauki ƙusa ya buga musu ɗigo, ya kwaso zuwa fada ran Juma'a. Ga Jatau a durƙushe, hannu a kan gungume, Hauni na tsaye.

Waziri ya karɓi na wani attajiri ya miƙa wa Sarki. "Allah ya ba ka nasara, shafa gefen."

"Tudu nake ji."

Ya miƙa na Barmo.

"Wannan rami ne."

Waziri ya ce, "Ɗigon Jatau daga mazubi suke fitowa, shi ya sa suka taso. Waɗannan ƙusa ce, a kan sawun magagari. Madugu, kai da ka ce na asali aka sayar maka, yaushe ka san inda ɗigo yake zama?"

Barmo ya faɗi yana neman gafara. Sarki ya ce, "Hauni, gungumen nan dai, sauya hannu, sa na Madugu."

Aka kwance Jatau, aka ba shi dawakin nan goma. Da ya fito ƙofar fada yana duba yatsunsa, sai ya ji attajiran nan suna tsaki, don hannu ya tsira, farashi ya faɗi. Ɗayansu har ya ce masa, "Haba Jatau, ka cuce mu!"

Jatau ya isa maƙera, ya ɗauki guduma, ya farfasa mazubin. Gari ya koma yadda yake, amma gurbin nan na akwatin Sarki, har ya mutu ba a cike shi ba.