Fadar Da Ba a Sallama Ba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da fatake ke juyawa in sun kai gindinsu, an yi wani sarki ana ce da shi Nomau ɗan Cindo, wanda ya gaji sarautar ƙasar Bakin Ruwa daga kakanni goma sha ɗaya. Ƙasa ce mai albarka, ga dawa ga kifi ga shanu, ba yaƙi ba fari, amma duk baƙon da ya kwana uku a cikinta sai ya ɗaure kayansa ya ƙara gaba. Abin da ke korar su kuwa gajiya ce. Mutum zai yi barci ya ƙoshi, ya tashi gaɓoɓinsa na ciwo kamar wanda ya wuni yana huɗa. Maƙeri ya ɗaga guduma sau uku ya ajiye yana haki, jarirai ma ba su iya kuka mai ƙarfi. A ko'ina cikin ƙasashen Allah in an ce wa mutum ina gajiya yakan ce babu gajiya, ko da ƙarya yake yi. Mutanen Bakin Ruwa sun daɗe da barin wannan ƙaryar, sai dai su ce tana nan.

Kowa ya san inda abin ya fito. Garin yana bakin wani tafki mai faɗin tafiyar yini biyu a kwalekwale, daga shi ake sha, a ƙarƙashinsa kuma Birnin Jangwama yake kwance, birnin kakanninsu mai ƙofa tara da ganuwar jan dutse. Da rani in ruwa ya ja baya, masunta kan hangi kan hasumiyar fada, su kau da ido su wuce da sauri. Maroƙa kan ce ruwa ya ɓullo ne daga rijiyar tsakiyar kasuwa wata rana da hantsi, a zamanin Sarki Arzika, kafin la'asar ya shanye birnin, kuma wai Arzika ya tsaya yana tsame talakawa har ruwa ya kai masa wuya, sannan aka janye shi da ƙarfin tsiya. Haka ake koya wa yara. Haka kuma ake faɗa a gaban Sarki Nomau kowace shekara, shi kuwa ya sunkuyar da kai, fadawa su ce ai kunya ce irin ta manya.

Akwai kunya a ciki kam, amma ta wani abin ce daban. A gidan sarautar akwai maganar da kowane sarki ke faɗa wa magajinsa shi kaɗai in ya ji ajali ya matso. Ranar da ruwa ya ɓullo, Arzika yana zaune a fada, zaure cike da hakimai. Wani bawa ya raɗa masa labari a kunne. Ya miƙe ya ce, "Ku jira ni, ina zuwa," ya shiga gida, ya kwashi matansa da 'ya'yansa, ya fice ta ƙofar baya a kan doki. A al'adar Jangwama kuwa, wadda Bakin Ruwa ta gada, ba mai tashi daga fada sai sarki ya ce an sallame ku. Nomau ya ɗauki wannan magana a cikinsa shekara talatin, bai faɗa wa kowa ba.

Da gajiya ta tsananta har gonaki suka fara zama saura, sai wani boka ya buga ƙasa ya ce aljanar ruwa ce ta danne birnin, a aika jarumi ya sare ta. Hanyar sauka ba ta ɓuya ba, domin a wani tsibiri na tafkin akwai bishiyar farin goro, wanda muddin ɗacinsa na bakin mutum ruwa ba ya shaƙe shi. Sarki ya san maganar bokan shirme ce, amma ta fi masa sauƙi a kan tasa, sai ya yarda. Jarumi shida aka aika cikin shekara shida, kowanne da takobi da layu har gwiwar hannu, ba wanda ya dawo. A shekara ta bakwai ɗansa guda ɗaya tilo, Yarima Anaruwa, ya durƙusa a gaban jama'a ya nemi izini, a wurin da uba ba shi da bakin hanawa. Sarki ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya dubi zauren cike da mutane, sai ya ji kansa yana cewa Allah ya kiyaye hanya.

Kwana arba'in ba Yarima ba labarinsa. Sarki ya rame har rawani ya yi masa yawa. Yana son yaron nan fiye da sarautar da abin da ke cikinta, kuma ya san shi ya tura shi da shirunsa. Ana cikin haka, wata safiya, sai ga Tasalla 'yar Sarkin Ruwa ta shigo fada zanenta na ɗigar ruwa. Ita ce wadda aka yi wa Yarima baiko da ita, ita ce kuma ta tuƙa shi zuwa saitin birnin ranar da ya sauka.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni da shigowa haka. Haƙurina ne ya ƙare, na tauna goro na sauka. Ban shiga ba, ta tagar zaure na leƙa. Yarima na nan da ransa, da sauran shidan, ba ɗaure ba rauni. Suna zaune ne a ƙasa, takalmansu a bakin ƙofa, takubbansu a gefe, cikin wasu dattawa masu yawa da ke fuskantar karaga, karagar kuwa ba kowa a kanta. Na kira shi har goro ya kusa salamcewa a bakina. Ya dube ni, ya yi mini alama da hannu in yi shiru, ana zaman fada."

 Daga nan Sarki ya sallami fada, ya ce wa yarinyar, "'Yata, kwalekwalenki zai ɗauki tsoho?" Ta ce zai ɗauka.

Da azahar suka kai saitin hasumiya. Sarki ya sa goro a kunci, ya yi bisimilla, ya sauka da rawaninsa da alkyabbarsa da takalmansa. Ya bi titin birnin yana jan ƙafa, ya wuce rumfunan kasuwa inda kifin ragon ruwa ke kwance a kan teburan mahauta, ya wuce marina da karofinta a buɗe, da gidaje masu zanen ƙofa irin wanda bai taɓa gani ba sai a bakin maroƙa. Birnin ya fi yadda ake faɗa kyau, wannan kuwa ya ƙara masa baƙin ciki.

A ƙofar fada ya tarar da aljanar, Magajiyar Ruwa, tana zaune ta jingina da ginshiƙi, tsawonta ya kai na giginya, gashinta fari ya bazu a kan matakala. Hannayenta biyu a dunƙule suke a kan cinyarta. Wannan ce dodon da aka aiko mutum bakwai su sare, ga ta ko ɗaga kai da ƙyar take yi.

Ta ce, "Jikan Arzika, kun daɗe. Ni ban riƙe kowa ba. An umarce ni in cika wannan kwari da ruwa, na zo na cika, na tarar da mutum ɗari uku zaune a zauren nan. Ruwa ya kai musu ƙirji ba wanda ya motsa, ya kai musu baki ba wanda ya motsa. Na ji nauyin in kashe irin waɗannan mutane suna jiran alkawari, sai na damƙe ransu a hannuna na ce bari ubangidansu ya dawo. Yau shekara ɗari uku ban buɗe hannun nan ba. Gajiyarsu da tawa ce ke narkewa a ruwan da kuke sha. Samarin da ka aiko kuwa tarbiyyarsu ce ta kama su. Kowanne ya shiga da takobi a zare, ya ga dattawa ana zaman fada, ya cire takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka ce masa sarki ya shiga gida yana zuwa, a zauna, ya zauna, ni kuma na haɗa ransa da nasu na riƙe. Shiga, in za ka iya. Amma ka sani, ƙarya ɗaya in ka yi a zauren nan, goron bakinka zai koma baƙin ruwa, kai ka mutu, su kuma su ci gaba da zama da ɗanka a cikinsu."

Sarki ya shiga da takalmansa. Ya ratsa sahun hakimai, gemunansu sun kai ƙasa, gansakuka ta yi kore a kan rawunansu, idanunsu jajir don rashin barci. Ya ga Anaruwa can baya wajen ƙofa, inda yara ke zama, ya daure bai tsaya ba. Ya hau karagar Arzika ya zauna, zauren duka ya faɗi ya yi gaisuwa.

Wani tsoho da ke dama da karaga, Waziri Bagudu, ya ɗago ya ce, "Allah ya ja zamanin wanda ya zauna. Mun ga kamannin gidan a fuskarka. Ina ubangidanmu Arzika? Ya ce mu jira shi yana zuwa."

 Maganar maroƙa na kan harshen Nomau, a shirye, mai daɗi, kuma ga ɗansa na saurare, yaron da ya tashi yana alfahari da jinin Arzika. Ya ce, "Ya ku iyayena, Arzika ba zai zo ba. Ya rasu shekara ɗari biyu da saba'in da suka wuce, a kan gadonsa, cikin jikokinsa. Ranar da ya ce muku yana zuwa, ya san ba zai dawo ba. Ya ji labarin ruwa, ya kwashi iyalinsa ya gudu ta ƙofar baya, bai aiko ko bawa ɗaya ya sallame ku ba. Mu 'ya'yansa mun sani, sarki bayan sarki, muka sa maroƙa suna yabonsa. Ni ma na sani, na aiko 'ya'yan mutane shida da nawa na bakwai don kada in zo in faɗi wannan da bakina. Ba ni da abin da zan kare gidanmu da shi."

Ya sunkuyar da kai yana jiran tsinuwa. Waziri Bagudu ya gyara zama a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mun sani. Bangon zauren nan ɗaya ne da na barga. Mun ji ana ɗaura sirdi, mun ji kukan yara, mun ji kofato ya nufi ƙofar yamma. Ba wanda bai ji ba a cikinmu. Amma da mutum ɗaya ya miƙe, da ya nuna wa duniya sarkinmu ya yi ƙarya. Sai muka ce bari mu zauna mu rufa masa asiri, ko ya ji kunya ya juyo. Ba mu zaci abin zai yi tsawo haka ba. Mun gaji, ranka ya daɗe, mun gaji ƙwarai. In da hali a sallame mu."

Hawaye ba ya ganuwa a cikin ruwa, wannan ne kaɗai sauƙin da Nomau ya samu. Ya sauko daga karaga, abin da sarki ba ya yi, ya durƙusa a gaban tsohon, ya ce, "Ku yafe mana. An sallame ku. Allah ya huta gajiya."

Dattawan suka amsa da amin. Ba su miƙe ba ma, kowa ya zame a inda yake, ya yi matashi da hannunsa, ya lumshe ido. A waje Magajiyar Ruwa ta buɗe hannayenta, dattawan suka cika gaba ɗaya cikin natsuwa. Samarin bakwai kuwa suka tashi suna ɗingishi, Sarki ya gutsura musu sauran goronsa, suka yi sama. Da suka fito Tasalla ta jawo Yarima cikin kwalekwale tana kuka tana yi masa faɗa. Shi kuwa bai dubi ubansa ba har suka kai gaci, sannan ya miƙa masa hannu ya taimake shi ya sauka.

Washegari Sarki ya tara gari ya maimaita abin da ya faɗa a ƙasan ruwa, kalma ba ragi, ya ce in sun ga dama su tuɓe shi. Aka yi kwana uku ana shawara, wasu na cewa a tuɓe, iyayen samari shidan sun fi kowa zafi, daga baya aka bar shi don tsufansa da kuma don shi da kansa ya sauka ƙasan ruwa. Ruwan tafki ya yi daɗi, ƙarfi ya dawo wa mutane, aka koma gonaki. Bayan girbi aka ɗaura auren Yarima Anaruwa da Tasalla, aka yi kwana bakwai ana biki, masunta suka jera kwalekwale ɗari uku a kan tafki, ɗaya don kowane dattijo.

Nomau ya ƙara shekara tara a kan karaga. A duk tsawonsu, in ya sallami fada ba ya shiga gida. Yakan tako da sandarsa har bakin zaure ya tsaya, rana ko ruwan sama, hakimai na wucewa suna jin nauyi, sai mutum na ƙarshe ya sa takalminsa ya tafi, sannan ya leƙa ciki ya tabbata ba kowa, ya juya.