Tsuntsayen da Thoa Ta Saya Don Mijinta

Akwai wata mata mai suna Thoa a wani ƙauye da ke bakin Jan Kogi, a arewacin Biyetnam. Awara take yi tana kaiwa kasuwar safe, kuma duk wanda ya santa ya san ba ta iya jira ba. In ta ce maka "taho" ka tsaya neman takalmi, to sai dai ka hango ƙeyarta.

Mijinta Khiem tsohon matuƙin jirgin fito ne. Ana dab da bikin Tet, wato sabuwar shekararsu, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ƙafar za ta iya dawowa, amma sai in yana takawa kullum a 'yan watannin nan. In ya kwanta, ta sandare ke nan har abada.

Shi kuwa gogan naka ya ce ba inda za shi. Thoa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira 'yarsu Mien da ke aiki a birni ta yi masa kuka a waya, duk a banza. Ga yayyafin bayan Tet ya ƙi tsayawa, bango na gumi, wanki ya ƙi bushewa, ga mutum kwance yana kallon rufi. Ranta ya gama ɓaci.

Sai wata safiya ya ɗaga kai ya ce, "Maman Mien, gurjiyar gaɓa ta yi fure ne? Ina jin hayaniya."

Ta yi fure kuwa. Tsohuwar bishiyar da ke kan tudun da ya tare kogi ta yi jajir, babu ganye ko ɗaya, tsuntsaye sun cika ta suna shan zaƙin furen. Da kansa ya ce a miƙo masa sanda.

Thoa ta yi murna, amma murnar ba ta je ko'ina ba, don tafiya da Khiem wani aikin ne daban. Tafiyar da yaro zai yi kafin shayi ya huce, shi sai ya cinye mata rabin safiya. Zai tsaya a katangar maƙwabta ya shaƙi furen lemo. Zai tsaya ya kalli balbelu suna bin layin shinkafar da aka dasa. Kwaɗo ya yi tsalle, ya tsaya. Malam-buɗe-littafi ya gifta, ya tsaya.

"Baban Mien, takawa likita ya ce, bai ce ka gaida kwaɗi ba!"

"Yi shiru mana, za ki kore shi. Kin ga Ciyaman can?"

Ciyaman wani ɗan tsuntsu ne mai baƙin tukku da jan kumatu, gashin jelarsa ɗaya ya karkace gefe. Ya fi kowa surutu, ya kuma riƙe reshen sama shi kaɗai, wanda duk ya matso sai ya fatattake shi. Khiem ya ce irin wannan hali sai shugaban ƙaramar hukuma, sunan kuwa ya bi shi. Kullum sai ya zauna a gindin bishiyar ya yi masa fito da karkataccen bakinsa, tsuntsun ya amsa.

Thoa na tsaye a kansa tana cika tana batsewa. Masu sayen awara sun fara komawa wurin wata. "Kai da tsuntsunka kun ishe ni! Ni ce zan kai ku kasuwa in sayar."

A kasuwar ne mata suka ba ta shawara. Suka ce wannan ja da ƙafa yaushe zai ƙare? Ta sayi tsuntsayen keji ta sake su a harabar ɗakin ibada ranar cikar wata, da sunan mijinta, kamar yadda kowa ke yi wa mara lafiyarsa. Duk wani rai da ka 'yanta, ladansa na komawa kan majinyaci.

Shawarar ta yi mata daidai da halinta, abu ne na yanzu-yanzu. Ta je wurin Vuong, mai sayar da tsuntsaye a bakin ƙofar ɗakin ibada, ta sayi keji guda na 'yan ƙananan tsuntsayen gona, ta saki, ta dawo gida tana duban ƙafar mijinta. Ƙafa na nan yadda take.

Ta koma ta sami Vuong. "Kai yaro, waɗannan 'yan mitsi-mitsin wane lada za su ja? Manya nake so, masu kyau, masu kuka. Kuma da yawa."

Ya sosa ƙeya. "Goggo, irin waɗannan sai an nemo."

"To nemo mana! Ni zan koya maka sana'arka?"

Ba ta gaya wa Khiem ba, don ta san zai yi mata dariya. Ta kuma daina raka shi har gaɓa. Sai ta kai shi bakin hanya ta ce ya lallaɓa, ita ta wuce kasuwa, ai akwai kejin da za a biya.

Ba a jima ba Khiem ya fara dawowa da wuri, fuska a murtuke. Ya ce bishiyar ta yi shiru. Kashegari ya ce tsuntsayen saura 'yan kaɗan. Ran nan ya dawo ya jingina sandar a bayan ƙofa ya ce Ciyaman bai zo ba, ya yi fito har bakinsa ya gaji.

"Tsuntsu ne fa, ba ɗanka ba! Ya tafi wata bishiyar."

"Fure na nan jajir zai tafi? Ba ki san shi ba."

Ya hau gado ya juya mata baya. Daga ranar bai sake fita ba. Thoa ta ja shi, ta zage shi, ta ɓoye masa taba, ko gezau. Da ta zo shafa masa mai a ƙafa sai ta ji gwiwar ta fara ƙin lanƙwasuwa. Tsoro ya kama ta sosai. Abin da ya faɗo mata kawai shi ne lada bai isa ba, sai ta aika wa Vuong ya ƙara.

Ranar cikar wata ta je ɗakin ibada da turarenta da ayabarta na hadaya. Vuong ya ajiye mata babban keji yana washe baki. Tsuntsaye ne cunkushe, wasu kan wasu, babu mai kuka ko ɗaya. Ta durƙusa ta ambaci sunan mijinta, ta buɗe ƙofa.

Wasu suka tashi da ƙyar suka faɗa kan katanga. Wasu suka tsaya a ciki sai da ta girgiza kejin. Na ƙarshe ya gangaro ya faɗi a gaban gwiwarta, fukafukansa a manne da danƙo, tukkunsa ya kwanta. Ta kai hannu za ta ture shi gefe, sai idonta ya sauka kan jelar. Gashi ɗaya a karkace.

Ciyaman ne.

"Vuong! Ina ka kamo waɗannan?"

"Gurjiyar gaɓa mana, Goggo. Ai nan suke taruwa yanzu. In ka shafa danƙo a sanda, ka kunna musu kukan 'yan uwansu a lasifika, da kansu suke zuwa."

"Kai mugu ne! Ba ka da imani!"

Vuong ya daina dariya. "A'a, Goggo, kar ki ɗora min. Bara ko kallon bishiyar nan ban yi ba. Wa ya ce manya take so, masu kuka, kuma da yawa?"

Thoa ta cire malafarta ta sa tsuntsun a ciki ta nufi gida, tana sauri tana hura masa iska. Kafin ta kai katangar lemo ya daina motsi.

Da ta so, da ta jefar da shi a kwata ta yi shiru, babu wanda zai sani. Ba ta yi ba. Ta shiga ta ajiye malafar a gefen gado, ta faɗa wa Khiem komai tana kuka, har da kalmomin da ta gaya wa Vuong.

Ya daɗe yana kallon tsuntsun. Ta so ya zage ta, da ta ji sauƙi. Bai zage ta ba, sai ya ce, "Miƙo min sandata. Ba za a binne Ciyaman a bayan madafa ba."

Jama'a, tafiyar ranar ta fi duk na baya wahala. Ƙafar da ta fara ɗagawa a da, yanzu janta yake yi a ƙasa. Ya tsaya a katangar lemo, furen ya zube. Ya tsaya a bakin gona yana haki. Awarar da Thoa ta bari a gida ta yi tsami, ko tunawa da ita ba ta yi ba. Duk inda ya tsaya sai ta tsaya, hannunta a ƙarƙashin hammatarsa.

Suka tona rami a gindin gurjiya, cikin jajayen furannin da suka fara ruɓewa a ƙasa. Khiem ya ɗaga kai ya yi fito sau ɗaya, don sabo. Babu wanda ya amsa.

Tun daga ranar tare suke fita kowace safiya, kuma Thoa ba ta sake ce masa ya yi sauri ba. Yanzu ita ce ma ke fara hango balbela ta nuna masa. Amma kwanakin da ya yi a kwance sun ci abin da suka ci. Likita ya ce gwiwar ba za ta ƙara sakewa fiye da haka ba, har yau da sanda Khiem yake tafiya.

Darasi: Kafin ka ruga neman wa wani alheri, tsaya ka duba abin da ke sa shi tashi da safe, kar ka rushe shi da hannunka. Ka kuma tambayi daga ina abin da kake saye ya fito, domin alherin da aka gina kan cutar da wata halitta ba alheri ba ne. Sau da yawa mara lafiya ba ya buƙatar komai daga gare ka illa ka rage sauri ka taka tare da shi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana jinyar wani nasa.