Kundin Rumasa'u

An yi wani mutum, wani bawan Allah, Malam Hambali, a ɗakin karatun wata jami'a. Aikinsa ɗora kundin binciken ɗalibai a intanet, kowa ya karanta kyauta.

Ku saurara. Wata rana bayan azahar, ɗaki ba kowa, ya ɗaga kai sai ga wata ɗaliba, Rumasa'u, tsaye a gabansa. Bai ji buɗe ƙofa ba. Rani ne tsantsa, amma hijabinta sharkaf, ruwa na ɗiga a siminti. Ya yi mata tayin kujera, ba ta zauna ba.

Ta ce, "Malam, kada ka ɗora kundina a intanet tukuna. Tsofaffin garinmu da suka gaya min sirrin magungunansu, ban nemi yardarsu ba."

Ya ce ya ɗauki alkawari. Ya sunkuya neman biro, ya ɗago, babu ta.

Washegari labari ya iso: kwalekwalen da ta shiga zuwa gida ya kife a kogi, har an yi jana'izarta tun kafin ranar da ya gan ta. Mene ne ya gani? Allah ne masani.

Ba a jima ba wani babban malami ya zo, ya ce ya sakar masa kundin, zai fitar da shi da sunansa, ai mamaciya ba ta kai ƙara. Ya lallaɓe shi, ya tsorata shi da kora.

Hambali ya ce, "Ranka ya daɗe, mai shi ce ta rasu, amanar tana nan."

Aka ɗauke shi daga kujerarsa, aka mai da shi aikin sito. Da hutu ya zo, ya haye wannan kogin, ya bi tsofaffin gida gida yana neman yardarsu. Duk suka yarda, ban da wata tsohuwa da ta ce nata sirrin na zuriyarta ne. Ya kai wa hukumar makaranta wannan magana, aka cire na tsohuwar, kundi ya fita da sunan Rumasa'u. Shi kuwa a sito ya ƙare aikinsa.

To jama'a, amana ba ta bin mai ita kabari. Malamai, masu buga takardu, duk wanda wahalar wani ke hannunsa: in mai abu ba zai iya tambayarka ba, akwai Mai tambaya.