Layin da Ba Komai a Gabansa

Akwai wata mata a kamfanin da ke rubuta manhajar injinan ban ruwa. Anti Shiru ake kiranta, don sai ta wuni ba a ji bakinta ba. Mijinta ya rasu, aikin nan ne ke riƙe da ita da 'ya'yanta uku.

Sai aka kawo sabon shugaban sashe, mai laƙabin Gwani. Kwanansa biyu ya buɗe fayilolinta, ya ga kowanne da irin wannan layi a samansa: #define FAMFO_H. Suna kawai, ba lamba, ba komai a gabansa.

Ya ce, "Anti, an raɗa suna an bar shi tsirara. Mantuwa ce ko tsufa?"

"Yana da aiki, ranka ya daɗe. Shi ne..."

"Bar shi, na share miki."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge.

Washegari da safe manhajar ta ƙi haɗuwa, balle ta yi aiki. Allon kwamfuta ya cika da jan rubutu, wai komai an faɗe shi sau biyu. Ga masu sayen injin suna tafe da rana. Gwani ya riga kowa shiga ofishin manaja, ya ce tsohon aikin Anti ne ya ruɓe.

Manaja ya kira ta. "In ba ki gyara kafin su iso ba, ki haɗa kayanki."

Yaranta suka faɗo mata a rai. Ta zauna ta mayar da layukan, manajan na tsaye a kanta. Jan rubutun ya ɓace.

Ta ce, "Fayil ɗaya wurare da yawa ke jawo shi. Karon farko, layin nan ke sa alamar an karanta. In an sake jawowa, sai a ga alamar a tsallake. Ba ya bukatar lamba, zamansa a wurin shi ne aikinsa."

Manajan ya ce, "Wa ya cire?"

Da kansa ya duba tarihin gyare-gyare, ya ga sunan wanda ya goge. Daga ranar aka sauke Gwani daga shugabanci.

Da la'asar ya zo ya tsaya bakin teburinta, kansa a ƙasa.

"Anti, ƙarasa min maganar jiya."

Ta dube shi, sannan ta jawo masa kujera.

Darasi: Abin da ba ka san amfaninsa ba, tambayi wanda ya ajiye shi kafin ka cire, kuma ka bari ya kai ƙarshen maganarsa. Ku tura wa wani, ko zai amfana.