Jakin Tadawus da Tankin Ciyaman

An yi wani mutum, 'yan'uwana, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don kada wani a cikinku ya fara satar kallon na kusa da shi. An daɗe da yin abin. Sunan mutumin Tadawus. Ku saurara da kyau, musamman ku na kujerun gaba masu manyan riguna, don yau ranar tsofaffin ɗalibai ce, kuma na san da an tashi daga sujada za a fito da lasifika kowa ya faɗi abin da ya kawo wa makaranta.

A bayan garin nan akwai makarantar kwana ta 'yan maza, ta Katolika, irin tamu ɗin nan. Karatu akwai, bulala akwai, wake mai ƙwari akwai. Abu ɗaya ne babu, ruwa. Rafi yana can nesa a gangare. Kafin a kaɗa ƙararrawar addu'ar safe, sai kowane yaro ya sauka da bokiti ya hauro da shi a ka. Wanda ya makara coci ya sha horo, wanda ya iso da bokitinsa cike siniyoyi, wato 'yan manyan aji, su ƙwace. Yara su shiga aji wuya a ƙage, malami na ta bayani su suna ta gyangyaɗi.

Tadawus ya yi makarantar, amma bai gama ba. Yana aji biyu mahaifinsa ya rasu, ya koma gida ya riƙe gona. Abokan karatunsa suka wuce, wannan ya zama lauya, wancan likita. Shi kuwa abin da Allah ya ba shi gona ce, da matarsa Damaris, da ɗansu Kefas, da jaki guda ɗaya tak. Jakin nan shi ke kai taki gona, shi ke kai dawa kasuwa.

To, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar tana da wata al'ada. Duk abin da mutum ya bayar, sai an rubuta sunansa a jiki da fenti. Mai fenti ma a wurin taron yake zama, da gwangwaninsa da buroshinsa. Benci da suna, allo da suna, murfin tukunyar wake da suna. An ce har ƙofar ban-ɗaki tana ɗauke da sunan wani likita, da duk digirorinsa a jere. Ku daina dariya, na zaga makarantarmu da safen nan, na ga abin da na gani.

Ciyaman ɗin ƙungiyar wani babban ɗan kasuwa ne mai suna Silbanus. Siniyan Tadawus ne a da, kuma a zamaninsu babu wanda ya kai shi ƙwace bokitin ƙananan yara. A taron wata shekara sai ga shi da wani ƙaton tankin ruwa a bayan mota. Aka ɗora shi kan dakali, aka jingina masa tsani, mai fenti ya rubuta sunan Silbanus da haruffan da ko daga bakin titi za ka karanta. Ciyaman ya karɓi lasifika ya ce, “Daga yau an gama zuwa rafi! Injin da zai jawo ruwa daga ƙasa yana hanya, na bar aikin a hannun ɗan kwangila.” Aka yi ta tafi.

Ana cikin tafin sai ga Tadawus ya shigo fili, janye da jakinsa.

Silbanus ya ce, “Kai, Tadawus, nan ba kasuwar dabbobi ba ce. Ka ɗaure shi a waje.”

Tadawus ya rusuna ya ce, “Siniya, ai gudummawata ce. Kafin injin ya iso, ya riƙa ɗauko wa yara ruwa. Na san ciwon wuyan nan.”

Wayyo, 'yan'uwa, zo ku ga dariya! Wani lauya har da faɗowa daga kujera. Silbanus ya share hawayen dariya ya ce, “To, doka doka ce. Mai fenti, rubuta.”

Shugaban makarantar, Fada Dominik, mutum ne mai kunya ƙwarai. Ya matso ya ce a hankali, “Ciyaman, wannan fa mai rai ne.”

Silbanus ya ce, “Fada, ba mu ware mai rai da marar rai ba. A rubuta!”

Aka riƙe jaki, mai fenti ya tsuguna ya rubuta KYAUTAR TADAWUS a haƙarƙarin dama, ya zaga ya rubuta a na hagu. Tadawus yana tsaye yana kallo. Ya ji zafin abin, ba zan ɓoye muku ba, ya ji har cikin ransa. Amma sallama kawai ya yi wa Fada, ya taka zuwa gida.

Kun san halin 'yan makaranta. Kafin mako ya zagayo, jaki ba shi da wani suna sai Tadawus. “Wa ke da aikin kai Tadawus rafi yau?” “Fada, Tadawus ya cinye kabejin lambu!” Magana ta tsallake katanga ta shiga gari. Bawan Allah ya shiga kasuwa da buhu a ka, sai wani ya ce, “A'a, yau kai ne da kanka? Ina takwaran naka?” Majalisa ta fashe da dariya.

Damaris kuwa ba ta iya haɗiye magana. Ta ce, “Baban Kefas, ni dai ban taɓa ganin irinka ba. Ka ba da jaki, ka koma ɗaukar taki a ka, sannan ka haɗa musu da sunanka kyauta! Jiya a zumuntar mata wata ta tambaye ni wai ko maigidana ya samu dusa.”

Ya ce, “Yi haƙuri, Maman Kefas. Ni babba ne, wuyana ya riga ya ƙosa. Nasu bai ƙosa ba.”

Ta ja tsaki ta shige ɗaki.

Ku saurara. Inji dai shiru. Damina ta wuce, rani ya shigo, inji yana hanya. Ɗan kwangila ya aika wa Ciyaman cewa an gama aiki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. To da me ake cika tanki? Da jaki. Kullum yara biyu su ɗora masa jarkoki su kai shi rafi, su hau tsani su juye, sauran yara su yi barcinsu su je coci a kan lokaci. Har jakin ya saba: da ya ji ƙararrawa sai ya nufi gindin tanki, don a nan ake sauke masa kaya a ba shi dusa.

Wata rana Silbanus ya biyo ta makarantar, ya murɗa famfon tanki, ruwa ya zubo shaa. Ya dubi Fada ya ce, “Ka gani?” Bai tambayi daga ina ruwan ya fito ba. A gidansa na birni ai murɗawa ake yi ruwa ya zo. Fada Dominik ya buɗe baki zai yi bayani, kunya ta rufe masa shi.

Sai Ciyaman ya gayyato Bishop ya zo ya sa wa tanki albarka. Ana saura 'yan kwanaki ya zo duba shiri, ya ci karo da jaki a tsakar makaranta yana birgima. Ya sa aka kira Tadawus.

Ya ce, “Ka kwashe dabbarka. Mun yafe gudummawar. Ba za a tara manyan baƙi wannan abu yana yawo da fenti a jiki ba. Kada in sake ganinsa a nan.”

Tadawus ya ce, “Siniya, ai ruwan…”

“Ruwa ba matsalarka ba ce. Tafi!”

Da Damaris ta ga jaki a ƙofar gida sai ta rangaɗa guɗa. Ta ce, “Allah mai sakayya! Ga jakinmu ya dawo. Kawo kananzir in goge fentin nan. Ranar kuwa a layin gaba zan zauna, in ga Silbanus ya murɗa famfo gaban Bishop iska ta fito.”

To ga gwajin, 'yan'uwa. Jakinsa ya dawo hannunsa. Sunansa zai huta a kasuwa. Wanda ya wulaƙanta shi zai sha kunya a bainar jama'a, ba tare da shi ya ɗaga ko yatsa ba. Abin da ake so ya yi kawai shi ne ya zauna a gida. Ni da nake tsaye a nan ina wa'azi, ban rantse muku cewa ba zan zauna ba.

Amma Tadawus ya koma wurin Fada ya tambaya, “Yanzu wa zai cika tankin?”

Fada ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Sai dai yara su koma rafi da bokiti, Malam Tadawus. Ban ga wata hanya ba.”

Tadawus ya ce, “Kada a tura su, Fada. Akwai hanya ta bayan kicin, babu mai ganinmu. Ni zan kawo.”

Haka ya yi. Ya bar aikin gonarsa, ya hana a goge fenti don a ganinsa abin da aka bayar an bayar, ya yi ta sintiri tsakanin rafi da tanki ta bayan kicin. Ranar taro da safe ya hauro da kayan ƙarshe, sai ya tarar motar Bishop ta riga ta iso, fili ya cika. Ya ɗaure jaki a gindin tsamiya can bayan katanga, da jarkokinsa a baya, shi kuma ya koma rafi ya wanke ƙafa.

Taro ya yi taro. Matan zumunta suna waƙa, Damaris a layin gaba kamar yadda ta yi alkawari. Bishop ya zauna da doguwar hularsa da sandarsa. Silbanus ya miƙe cikin babbar riga yana jawabi: “Wannan ruwa da za ku gani, inji ne na zamani yake jawo shi daga ƙarƙashin ƙasa!” Ya ɗaga hannu, aka kaɗa ƙararrawa don a fara sa albarka.

Jaki ya ji ƙararrawa.

Igiya tsohuwa ce, fizga ɗaya ya yi ta tsinke. Sai ga shi ya shigo ta babbar ƙofa, ba gudu ba gaggawa, ya ratsa tsakanin kujerun manyan baƙi, ya wuce lauyoyi, ya wuce likitoci, jarkoki suna ta ƙulum-ƙulum. Ya isa gindin tanki dab da Bishop ya tsaya, yana jiran a sauke masa kaya. Da ya ga ba a kawo dusa ba, ya ɗaga kai ya ɓarke da kuka, a bakin lasifika kuwa.

Bishop ya gyara tabarau, ya karanta sunan da ke jikin tanki, ya sunkuya ya karanta na jikin jaki. Ya dubi jarkoki, ya dubi tsani. Ya ce, “Fada, ina injin yake?”

Fada Dominik ya nuna jaki ya ce, “Ga shi nan, Baba.”

Fili ya kece da dariya. Yara har da tsalle. Silbanus ya tsaya, gumi yana bin wuyan babbar riga. Sai ga Tadawus a guje, wando a jiƙe har gwiwa, ya zube gaban Bishop yana ba da haƙuri. Fada ya kwashe labari duka ya faɗa, tun daga ranar fenti. Jama'a suka fara yi wa Ciyaman ihu.

Tadawus ya ɗaga hannu ya ce, “Baba, don Allah kada a ga laifin Siniya. Ɗan kwangila ne ya cuce shi, bai sani ba. Kuma ba don tankinsa ba, ko na ɗebo ruwan a ina zan zuba? Aikin namu ne mu biyu.”

Jama'a suka daina ihu. Bishop ya ɗauki ruwan albarka ya yayyafa wa tanki. Ya juya ya yayyafa wa jaki, ya ce ai Ubangijinmu ma irin wannan dabba ya zaɓa ya hau. Ya yayyafa wa Tadawus. Sauran da ya rage kuwa ya ƙarar da shi a kan Silbanus, ya ce shi ya fi bukata.

Ku ji abin da ya biyo baya. Silbanus ya tuɓe babbar riga ya ajiye a kujera, ya sauke jarka daga bayan jaki, ya hau tsani da tumbinsa yana nishi, ya juye a tanki da hannunsa. Da ya sauko ya kama hannun Tadawus ya ce, “Ƙanena, na ƙwace maka bokiti muna yara, na ƙwace maka suna mun girma. Ka yafe mini. Mai fenti, zo ka goge rubutun nan.”

Sai Damaris ta yi wuf ta miƙe daga layin gaba ta ce, “Wa zai goge? A bar shi! In akwai sauran fenti ma a ƙara masa, ya fara dishewa!”

Daga baya inji ya zo na gaske, jaki ya koma gida da rubutunsa. Tanki ya tsufa, tsatsa ta cinye sunan da ke jikinsa. Amma yaran zamanin nan, da suka girma suka watsu a duniya, in biyu suka haɗu ba sa tambayar juna shekarar da suka gama. Cewa suke yi, “Ka sha ruwan Tadawus?” In ya ce ya sha, sai su rungume juna.

To, 'yan'uwana, ga abin da nake so ku tafi da shi. Kyauta ta gaskiya ita ce wadda ta sauke wa wani kaya daga ka, ko da ta ɗora maka kayan a naka. Mai bayarwa don a karanta sunansa, fenti ne ladansa, kuma fenti yana goguwa. Mai bayarwa don ya tuna ciwon wuyansa, Allah ne ke riƙe masa sunan. Kuma in Allah ya kawo ka ranar da wanda ya rena ka zai sha kunya, ka rufa masa asiri, kada ka nemi kujerar layin gaba.

Anjima za a miƙo muku lasifika. Kafin ka faɗi abin da ka kawo, ka leƙa ɗakin kwanan yaran nan, ka ɗanɗana wakensu, ka tambaye su abin da ke damunsu. Mai tanki ya kawo tanki, mun gode, amma ya dawo ya duba ko da ruwa a ciki. Kai kuma da ka laɓe can baya kana cewa ba ka da abin bayarwa, tashi ka je gida ka kwanto jakinka.

Mu miƙe mu yi addu'a.