Tsagen Tsahara a Kayen Barira

Akwai wata yarinya da aka yi a Birnin Konni wajen 1992, sunanta Barira. Jama'a, yarinyar nan ta iya zane! Tana aji uku a kolej, amma in ta riƙe bik, wato biro, sai ka rantse hoto aka ɗauka.

Kaye, wato littafin rubutu, take saye, ta raba kowane shafi gida-gida, ta zana mutane maganarsu na fitowa daga baki. Labaran 'yan lakwal ne, wato 'yan makarantarsu: faɗa, ƙawance, wane na son wance. Duk Litinin sabo ke fita. Kai! Har layi ake yi wa kayen nan, ana miƙa shi ta ƙarƙashin tebur, mushe malaminsu na rubutu a allo. Yabo ya yi yawa, kan Barira ya fara kumbura.

Aminiyarta ita ce Tsahara, 'yar ƙauyen Dogarawa da karatu ya kawo gidan gwaggonta. Ba ta da kowa a lakwal sai Barira.

Wata rana suna komawa gida, Tsahara ta rufe fuska da gyale ta ce, "Zan gaya miki magana, amma ki rantse."

"Na rantse," in ji Barira.

"Hashimu, golan lakwal. In ya wuce, ƙirjina kamar ana daka gero."

Litinin ta matso, Barira ba ta da labari, ga jama'a na jira. Sai ta ce a ranta, ai in na sake suna shi ke nan. Ta zana wata yarinya mai leƙen gola daga bayan bishiya, ta sa mata Ladi. Amma hannu ya zana abin da ya saba gani: tsage uku a kowane kunci. Duk ajin kuwa Tsahara kaɗai ke da su.

Wayyo! Kafin a tashi, lakwal ta ɗauka: "Matar gola! Matar gola!" Har Hashimu sai da aka kai wa kayen.

Tsahara ta daina zuwa. Ta ce wa gwaggonta a mai da ita ƙauye, ta bar karatu.

Barira ta je da gudu. "Haba Tsahara, ai na sake suna!"

Tsahara ta dube ta, ido ya yi ja. "Kin sake suna, kin bar mini huskata. Tahi."

Ranar Barira ta yi kuka sosai. Ta gane haƙuri na baki ba zai mai da Tsahara aji ba, muddin ita ake yi wa dariya.

Litinin sabon kaye ya fita. Yarinyar ciki wushirya gare ta irin ta mai zanen, kuma da sunanta na gaskiya: Barira. Ga ta tana rantsuwa, ga ta tana tona asirin ƙawarta don a tafa mata. A shafi na ƙarshe ga ta a ɓoye tana zana fuskar Alhasan, shugaban aji, wanda shekara guda take so, shi ko sunanta bai riƙe ba.

Aji ya kaure da ihu! Aka manta da matar gola, aka koma kan Barira. Ta sunkuyar da kai ta shanye, sannan ta aika wa Tsahara kayen.

Ranar Laraba ana tsakiyar tsokanar Barira, sai ga Tsahara da jakarta. Ta ratsa aji ta zauna kusa da ita, ta raɗa mata, "Alhasan? Mai kunnuwan nan? Barira, kin ba ni kunya!"

Suka fashe da dariya, hawaye na zuba. Wallahi ni ma da aka ba ni labarin sai da idona ya cika.

Darasi: Sirrin aboki amana ne, ba abin neman tafi ba. In ka yi kuskure, kada ka tsaya ga "yi haƙuri", ka ɗauki kunyar da ka jawo masa. Ku tura wa aminanku, musamman masu riƙe da sirrinku.